Ƙahon Badamagare

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Lawali ya ajiye ƙaho a kan teburina ba. Ƙarshen watan Afrilu ne, lokacin da Guangzhou ke cika da baƙi saboda babban baje kolin kaya. Tun safe ake yayyafi, ga gumi, riga tana manne wa mutum a baya.

Ga ku sababbi, da waɗanda ba su san aikinmu ba, bari in ɗan yi bayani. Ofishinmu yana saman wani ginin 'yan tufafi a titin Guangyuan. Mai kamfanin, Alhaji Garba, rabin shekara yana Kano. A ƙarƙashinsa akwai manaja, Malam Nasiru, wanda ya yi jami'a a garin nan, yana jin Sinanci kamar a cikinsu aka haife shi. Sai masu rakiya, su ne ke kai baƙi kasuwa su yi musu ciniki. Sai 'yan lodi a sito. Ni ne mai samfur. Baƙo zai kawo abu ya ce a yi masa irinsa, ni zan karɓa in kai masana'anta, in tsaya a kai har a fitar da na gwaji, in duba, sannan in bi kayan har kwantena ta kama hanyar tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ƙa'idar aikin guda ce. Daga lokacin da samfur ya shiga hannunka har ka miƙa shi, naka ne. In an tare ka a hanya ba za a tambayi wanda ya kawo ba. Wanda aka gani da jaka shi ne mai jaka.

Akwai kuma kayan da ko sunansu ba ma son ji a ofis: hauren giwa, ƙahon karkanda, ɓawon ɗankunya. Kowa a unguwar nan ya san labarin wani da aka roƙa ya riƙe leda, yau iyalinsa sai dai su yi masa addu'a daga nesa. Ni kuwa karatuna firamare ne, ban iya karanta dokokin mutanen nan ba, saboda haka abin da ban gane ba ba na kusantarsa. Ko takalmi aka kawo sai na shinshina, na tambayi fatar mece ce.

Alhaji Lawali mutumin Damagaram ne, mai yayyafa Faransanci a magana, amma ya daɗe a yammacin Amurka, a wani gari cikin duwatsu, inda yake da shagon kayan adon gida. Ni Bakano ne, daga wajen Doguwa. Kun dai san wasan da ke tsakanin Bakano da Badamagare. Tun zuwansa na farko ya sa ni gaba. Zuwan da ya yi kafin wannan, ya zaunar da ni fuska a ɗaure ya ce a garinsu ana sayar da nonon kaza a kwalba. Na je na ba 'yan sito labari. Har yanzu akwai mai kirana Nonon Kaza a cikinsu.

Ranar ya shigo yana kakkaɓe lema.

"Ina bawana Haladu? Zo ka gai da ubangidanka."

Na ce, "Alhaji, sannu da zuwa. An bar raƙuman lafiya?"

"Sun ce a gaida matsoratan Kano. Bon, share tebur."

Ya kwance wani tsohon bargo. Na ga abu kamar reshen itace, tsawonsa ya kai hannuna, an wanke shi an shafa masa mai har yana ƙyalli, an kuma sa masa ɗan ƙarfe a jiki don ratayewa a bango. Ya tashi ya rabu biyu kamar gwafa, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Na taɓa, na ji ba itace ba ne. Na janye hannuna.

Ya ce so yake a yi masa irinsa na roba mai tauri, masu yawa, don yin fitilu da maratayin hula. Mutanen garinsu suna so, na gaske kuwa tsada gare shi. Abin da ake bukata kawai shi ne a kai wannan wurin mai yin mol, wato abin zubi, irin na masu buga bulo, a ɗauki siffarsa.

Na ce, "Ƙahon mene ne?"

"Na barewa."

Na girma a gidan maharba, a bakin dajin Falgore. Na san ƙahon barewa, na san na gada, da na mazo, da na gwanki. Duk cikinsu babu mai reshe. Kuma duk ƙahon da na sani kube ne, cikinsa rami, yana zaune a kan ƙashi. Wannan kuwa a cike yake, da nauyi kamar taɓarya.

Na ce, "Alhaji, wannan ba barewa ba ce."

"Barewar can ce. Ta fi taku girma, ta kusa ɗan maraƙi. Sunanta barewar alfadari."

"Alfadari ne ubanta?"

Masu rakiya biyu da ke zaune suka fara dariya. Ya ce a'a, kunnuwanta ne manya kamar na alfadari, shi ya sa. Na ce to, wa ya harbe ta?

"Ba wanda ya harbe ta. Tana nan da ranta, wataƙila yanzu haka ciyawa take ci. Ƙahon faɗuwa ya yi."

"Faɗuwa."

"Kowace shekara mazan suna zubar da shi, wani ya fito. In bazara ta yi sai mu shiga daji farautarsa. Ba bindiga, ba kare. Sai riguna masu kauri, don sanyi."

Na tsaya ina lissafa abin da na ji. Barewa da kunnen alfadari. Ƙaho yana zuba kamar ganyen kuka. Farauta ba makami. Bazara da sanyi, bazarar da a garinmu ko ƙadangare neman inuwa yake. Na ce a raina, wannan ya fi nonon kaza. Ya ciro waya ya nuna mini hotuna, na ce ai yanzu waya ko doki mai fiffike ka ce ta yi maka za ta yi. Ya ce 'yan duwan, wato kwastam, sun gani a filin jirgi, sun juya shi, sun bar shi ya wuce. Na ce haka dai ya ce.

Abin da ke raina shi ne, in labarin ƙarya ne, to me ƙaryar ke rufewa? Dabbar da ban taɓa ji ba, ƙahon da ban taɓa gani ba, kuma ni zan ɗauke shi in bi ta injin duba kaya a tashar metro, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa.

Na bi Malam Nasiru cikin ɗakinsa na rufe ƙofa.

Na ce, "Manaja, ni fa zuciyata ba ta kwanta da kayan nan ba. A bari sai an bincika."

Ya ce, "Malam Haladu, ƙahon barewa fa a shagunan magani ake sayar da shi a garin nan, a yanka kamar wainar rogo. Ba ka taɓa gani ba?"

"Na nasu barewar. Wannan ta alfadari ce."

Ya danne dariya. Sannan ya yi mini maganar aiki. Masana'antar za ta rufe don hutun farkon Mayu. In mai mol bai karɓi samfur a ranar ba, sai bayan hutu, Alhaji Lawali kuwa zai riga ya tafi, kuma akwai wani ofis irin namu a hawan da ke ƙasa da mu da ke ta yi masa murmushi. Shi manaja yana da baƙi a wurin baje koli, ba zai iya zuwa ba. Tasi a wannan makon sai wanda ya yi sa'a.

Ya ce, "In ba za ka iya ba ka gaya mini, in ba wani. Amma Alhaji Garba zai tambaye ni wane ne mai samfur a ofis ɗin nan."

Na gane. In na ƙi, kujerata ce. In na ɗauka kuma abin ya zama abin da nake tsoro, ba kujera kaɗai ba ce.

Na fito na sake ɗaukar ƙahon, wannan karon na kai shi bakin taga. Duk da tsoron, abin yana jana. Na juya gindinsa. Na san yadda ake raba ƙaho da kai: ko zarto, ko gatari, kuma kowanne yana barin shaida. Wannan ba shaidar komai. Gindin ya ɗan kumburo, da kaushi kamar dutsen niƙa, an kewaye shi da wani zobe mai ƙuraje. Gefe ɗaya na ƙahon ya yi fari kamar abin da rana ta daɗe tana duka, ɗaya gefen ya yi duhu. A kan wani reshe na ga sawun haƙora ƙanana, irin na ɓera. Ko ma mene ne, ya kwanta a ƙasa ya daɗe. Amma ai mushe ma yana kwanciya a ƙasa.

Na ce, "Alhaji, zan kai. Amma tare za mu je."

"Bakano yana neman ɗan rakiya."

"Ko me za ka ce, ka ce."

Ya duba agogo, ya ce walla dama yana son ganin masana'antar. Na naɗe ƙahon a bargon, na sa a babbar jakar leda, muka taka zuwa tasha, yana ta ba ni labarin yadda kakanninsa suka taɓa korar nawa har suka manta takalmansu.

A tasha na ɗora jakar a kan bel ɗin inji, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ta shiga. Ba ta fito ba. Bel ɗin ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa. Wata yarinya mai kaki da ke kallon allon ta ɗago kai, ta nuna jakar, ta nuna ni. Na buɗe. Ta ga ƙahon, ta yi tambaya, na gane tana cewa mene ne wannan. Sinancina na kasuwa ne: lawban wato maigida, nawa ne, ya yi tsada, meyo wato babu, sheshe wato na gode. A cikin waɗannan ba wadda za ta fitar da ni. Ta kira wani babba a rediyonta. Mutanen da ke bayanmu suka fara leƙe.

Na juya wajen Alhaji Lawali. Ya ja da baya, ya ɗaga hannu biyu, ya ce da Hausa, "Ni ban san wannan mutumin ba. A hanya na gan shi da kayansa."

Na san wasa yake. Yarinyar ma ba ta jin Hausa. Amma ta ga ya ja da baya, ta ga hannuwan. Na dafa bakin injin.

Na ce, "Alhaji, ina da yara a gida. Nan ba wurin wasa ba ne."

Ban san yadda fuskata ta koma ba, na dai ga tasa ta canja. Ya sauke hannu. Ya matso ya shiga tsakanina da teburin duba kaya, ya jawo jakar gabansa, ya ciro fasfonsa ya ɗora a kai, ya bugi ƙirjinsa yana ce musu da Turanci nasa ne, shi ya kawo, wannan mutumin taimakonsa kawai yake. Babban ya iso, wani dattijo mai tumbi. Suka yi ta magana da Alhaji ta waya, wayar tana fassara. Dattijon ya ɗaga ƙahon, ya auna nauyinsa a hannu, ya taɓa tsinin rassan da yatsa, ya girgiza kai.

Ashe tsinin ne damuwarsu. Jirgi a cike yake, kada ya soki wani. Suka samo kwali da salatif, yarinyar da kanta ta naɗe kowane tsini. Dattijon ya tambayi ko na sayarwa ne, Alhaji ya ce meyo. Ya ɗaga mana hannu muka wuce.

A cikin jirgi Alhaji bai ba ni jakar ba. Ya riƙe ta tsakanin ƙafafunsa. Muka wuce tashoshi da dama. Can ya ce, "Haladu, ka yafe mini." Wannan ne karo na farko da ya kira sunana ba tare da ya haɗa da bawa ba. Na ce ba komai. Sai na ga dama ta samu, na ce tunda yau an ajiye wasa, ya gaya mini gaskiyar yadda ya samu abin nan.

Ya ce wani maƙwabcinsa Bature, tsohon direban babbar mota, shi ya fara jansa. Abin da suke kira bazara a can lokacin narkewar dusar ƙanƙara ne, sanyi yana tafiya bai gama tafiya ba. Sai hukuma ta buɗe daji ake shiga, don kafin nan dabbobin sun rame, in aka kore su da gudu sai su mutu. Suna barin mota inda hanya ta ƙare, su goya abinci da tanti a baya, su hau dutse har inda waya ba ta kamawa. Da sassafe su zauna a tudu da madubin hangen nesa, su yi ta kallon gangaren da rana ke fara dukawa, don nan ƙanƙara ke fara narkewa, nan garken ya ci sanyinsa.

Na ce, "Su ake nema ko ƙahon?"

"Duka. In ka ga inda suka kwana, ka san inda za ka duba. Kuma ka duba bakin rafi, da duk inda sai sun yi tsalle. In namiji ya dira, ƙahon da ya yi laushi sai ya cire."

"Ba jini?"

"Ɗan kaɗan, kamar haƙorin yaro. Sai ka gan shi yana tafiya da ƙaho ɗaya, kai a karkace, kamar ɗan dako da aka sauke wa rabin kaya."

Na ce to in ka sami ɗaya, ina ɗayan? Ya ce nan ne haukan yake. Mutum sai ya yini yana kewaya wuri ɗaya yana neman ɗan'uwansa. Shi wannan bai taɓa samun nasa ba, ya bar shi a dutsen. Na tambayi me ya hana su harbi, tunda ga nama a gabansu. Ya ce lokacin matan ciki gare su. Harbi sai kaka, shi ma sai da takarda, kuma ba kowa ke samu ba. Wannan na gane shi sarai, don mu ma maharbin kirki ba ya ɗaga baka a kan mai ciki.

Na ce, "Sabon da ke fitowa fa?"

Ya ce yana fitowa da taushi, da gashi a jikinsa kamar karan-miski, in ka taɓa da ɗumi. Kafin kaka ya bushe ya yi tauri, ya fi na bara. Na hango abin a raina. Namiji ya yar da makaminsa a daji, ya yi wata da watanni da kai fayau kamar mace, a ƙasar da akwai abin da ke cinsa. Na ce shi bai jin tsoro? Ya ce wannan kunnuwan aikin me suke.

Zuciyata ta karkata, amma ba ta faɗi ba. Wanda ya sayar maka da nonon kaza, ko kuka yake yi sai ka duba idonsa.

Masana'antar tana wajen Panyu, wata doguwar rumfa mai warin roba. Mai yin mol wani tsoho ne da kowa ke kira Shifu, wato gwani. Na sha kai masa aiki, ban taɓa jin ya yi magana ta wuce uku ba. Ƙa'ida ita ce in buɗe samfur a gabansa, ya duba ko da tsagewa, a ɗauki hoto, sannan ya zama nasa. Na warware kwalin. Ya goge hannunsa a wando kafin ya karɓa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Bai duba rassan ba, gindin ya juya. Ya shafa shi da babban yatsa. Sannan ya ajiye, ya ɗora hannuwansa biyu a ka ya baza yatsu, ya karkata kai, ya saki hannu ɗaya ya faɗo.

Ba wanda ya gaya masa gardamarmu. Ba ya jin Hausa, kuma shi ba abokin wasan kowa ba ne.

Na karɓi wayar Alhaji na ce a tambaye shi inda ya sani. Wayar ta fassara, a karye dai amma na gane. Shi mutumin arewa maso gabashin ƙasar ne, inda ake kiwon barewa a shinge. Tun yana yaro ya san wanda aka yanka da zarto, ya san wanda ya faɗo. Ya ce irin wannan rabuwar ta biyu-biyu ce bai taɓa riƙewa ba, ya tambayi daga ina. Muka tsaya mu uku a kan ƙaho ɗaya, kowa yana tambayar ɗan'uwansa, waya tana ta shan wahala a tsakaninmu. Shi yana so ya ji tsayin duwatsun. Ni ina so in ji ko tasu barewar ma tana yawo da kai a karkace. Ya ce tana yi. Ya karɓi aikin, ya ce na gwaji zai fito kafin su rufe.

Da muka fito Alhaji ya buɗe lema ya ce, "To, Bakano, yanzu ka yarda?"

Na ce, "Na yarda da ƙahon. Maganar kunne sai na bincika."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bawan nan nasa ba ya 'yantuwa.

Kayan sun fita lafiya, kuma har yau ni ne mai samfur. Daga ranar na roƙi manaja, ya kuma amince, cewa duk samfurin da ya fito daga jikin dabba, mai shi ne zai raka shi har masana'anta. Ku sababbi za ku tarar da wannan ƙa'idar, yanzu kun san mafarinta.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a wannan aikin kaya suna zuwa daga ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba, kuma dajin garinku ba shi ne ma'aunin dajin Allah ba. Kada ku daina tsoro, tsoro ne ya tsare da yawanmu a garin nan. Amma ku haɗa shi da tambaya, ku kuma nemi wanda ba shi da riba a cikin amsar. Sannan in tsoro ya kama ku, ku faɗa da baki a fili, ko da za a yi muku dariya. Na yi shekaru ina haɗiye nawa a gaban baƙi don kada a ce Bakano matsoraci ne. Ranar da na furta shi, mutumin da ya fi kowa yi mini dariya shi ya ɗora fasfonsa a kan jakata.